Takun Ilu Dillali

Ku matso kusa, ku rage murya.

A tsohon garin Zariya an yi wani dillali, Ilu. Ban taɓa ganin marar kunya irinsa ba. Gida-gida yake bi. In ya ga katanga ta tsage, ko ya ji an yi rasuwa, sai ga shi ya iso da fuskar tausayi. Bakinsa na ta'aziyya, ƙafarsa na auna tsakar gida.

"Wannan kangon? Hajiya, ki rabu da shi tun bai faɗo muku ba."

Wata rana da la'asar sakaliya ya shiga wani lungu shi kaɗai. A ƙurya ya tarar da wani gida mai tsamiya. Ya yi sallama sau uku. Shiru. Mai tarbiyya juyawa zai yi. Ilu kuwa ya kutsa kai, ya hau ƙirga taku.

"Nawa ka samu?"

Wani tsoho ne zaune a kan buzu. Bakinsa na motsi a gaban Ilu, muryar kuma daga bayan ƙeyarsa take fitowa.

"Arba'in, Baba. Ƙaramin wuri ne. Taimaka maka zan yi in saya."

"Sake aunawa."

Ya sake. Saba'in. Ya kuma. Ɗari da goma. Sakaran, maimakon ya tsorata, murmushi ya yi, yana hango shagunan da za a jera a wurin. Sai da ya waiga ya ga zauren ya yi nisa, ɗan mitsitsi. Ya dubi ƙafafun tsohon. Dugadugan ne a gaba.

"Ka ga nawa," in ji tsohon. "Zan zo in ga naka."

Ilu ya zubar da takalma ya zura da gudu. Sai da aka kira magariba hannunsa ya taɓa ƙofa.

Washegari da la'asar ya ji taku a tsakar gidansa, a hankali, daga bango zuwa bango. Ba kowa. Kullum ɗakunan ƙara matsewa suke. Matarsa ta kwashe yara ta tafi ranar da gado ya daina shiga ɗaki.

Yana nan har yau, a zaune yake barci, gwiwa a ƙirji. Ni dai ban ji tausayinsa ba.

Ku kuma, kada wanda ya bi lungun tsamiyar nan shi kaɗai.