Gadon da Aka Juya wa Kibiya

"Karanta da bakinki!" in ji Umma, ta miƙo mata wayar.

Injiniya ta so ƙasa ta tsage ta shige. Yau ta fara zuwa gaida mahaifiyar saurayinta, abokin aikinta a kamfanin manhajar kwamfuta, sai ga shi an tare ta da saƙon da ta tura masa jiya. 'Yar ƙanwar Umma, wadda ta daɗe da ɗora ido a kansa, ita ta tono saƙon a wayarsa, tana gefe tana taunar cingam.

Injiniya ta karanta: "Masoyi, gadon nan bai yi min ba... gobe ka zo mu gyara shi tare."

"Innalillahi! Ko gadon kwana, ko gadon marigayi mahaifinsa, wanne ne zancen 'yar mutunci?" in ji Umma.

Kunya! Wallahi ko ɓarawon da aka kama a kasuwa bai kai ta ba. Auren nan dai ta ga yana sulɓewa.

"Umma, gadon zane ne..." Hawaye suka ƙwace mata.

Saurayin ya ciro kalanda daga bango, ya kifa, ya ba ta biro.

"Zana mata, rabin raina."

Ta zana akwati ta rubuta Ma'aikaci, ƙarƙashinsa Direba da Masinja, kowanne da kibiya mai kallon sama.

"Duk abin da na sama ke da shi, na ƙasa sun gada. Shi muke ce wa gado, Umma. Ɗanki ne ya juya kibiyar a zanen aikinmu, ya sa uwa tana gadon 'ya'yanta."

"Uwa ta gaji ɗa? Allah ya kiyaye!" Umma ta harari ɗanta. "Kai dama tun kana yaro takalmi a juye kake sawa."

Taunar cingam ta tsaya cak.

Saurayin ya karɓi biron, ya zana akwati biyu, ya haɗa su da layi, ya cike wani ɗan tambari baƙi ƙirin a jikin guda.

"Wannan fa?" in ji Umma.

"In an goge mai tambarin, ɗayan ma ya tafi. Ba ya rayuwa shi kaɗai."

"Wanne ne kai?"

Ya nuna marar tambarin. "Mai tambarin kuwa ita ce, Umma."

Umma ta daɗe tana kallon kalandar, sannan ta kamo hannun Injiniya.

"Ki yafe ni, 'yata. To kada a goge min ɗa."

Injiniya ta ja mayafi ta rufe fuska. Wannan kunyar kam, ba ta so ta wuce.