Umarnin Da Aka Ƙi Bayarwa

Da hantsin Talata aka kai rahoton mutuwar Harold Finkel, tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu, a gidansa da ke garin Pompano. Jini ne ya ɓalle masa a ciki.

Sufeto Ramona Quintero ta tarar da mai jinyarsa, Marie-Ange, 'yar Haiti, zaune a ƙasa rungume da silifas ɗinsa. Shekara shida tana yi masa wanka, tana dafa masa miyar kabewa. Allah sarki, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

"Ke kika ba shi wannan ƙwayar mai tsinka jini?" in ji Sufeto.

"Ni ce, madam. Papa ba ya haɗiyewa sai na yi masa waƙa."

"Likita ya hana ta tun Juma'a. Kin san wannan zai iya kai ki gidan yari?"

Marie-Ange ta zaro ido. "Wallahi ba wanda ya faɗa min!"

Judith, 'yar mamacin, ta ce ita likita ya sanar. Tana shirin shiga jirgi, ba ta sami Marie-Ange a waya ba, sai ta kira kamfanin da ya haɗa su.

"Mai kamfanin da kansa ya ce zai gaya mata."

A wayar Marie-Ange, tun Juma'a saƙo ɗaya ne tak daga kamfanin: "In kin ga dama, kina iya tuntuɓar iyali kan magunguna."

"Duk wata haka suke turowa," in ji Marie-Ange. "Wa yake kulawa?"

Dale Prewitt, mai kamfanin, ya tarbi Sufeto da murmushi, kai ka ce biki ta zo.

"Babu wanda ya kira. Kuma matan nan ba ma'aikatana ba ne, aikin kansu suke yi."

"Wayar Judith ta nuna minti huɗu da lambarka."

Sufeto ta jawo littafin ɗaukar saƙo da ke kan teburinsa, ta buɗe shafin Juma'a. An rubuta: "Finkel, ta daina ba shi." An kuma soke da koren biro, irin wanda ke maƙale a aljihunsa.

Murmushin ya tafi.

"Lauya ne ya gargaɗe ni," ya ce a hankali. "In na ba mace ɗaya umarni, hukuma za ta ce duk mata ɗari biyun da nake turawa gidaje ma'aikatana ne, dole in biya su haƙƙin ma'aikata. Shi ya sa ba ma cewa yi ko bari. Na ɗauka za ta gane."

"Da ba ta gane ba, sai ka bar ta da laifin."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Da Sufeto ta koma ta ce wa Marie-Ange an wanke ta, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sau huɗu, madam. Da hannuna. Ya kau da kai, na yi ta yi masa waƙa har ya haɗiye."

Ta tashi ta jera silifas ɗin a bakin gado, inda yake sauke ƙafa da safe.