Wuƙar Gado a Gefen Gawa

"Kowa ya kwanta! Couchez-vous!"

Rana tsaka, a shagon wani mai sayar da zinare bayan kasuwar Treichville. Maiwada ya tare ƙofa da bindiga, ƙanensa Ukasha na ɗura sarƙoƙi a buhu. Safar hannu, ƙyalle a fuska, ba mai kiran sunan wani. Maigadi ya yunƙura — tau! Ukasha ya zaro tasa bindigar ya ɗirka masa harsashi. Bawan Allah bai ƙara motsi ba.

"Wa ya ce ka yi harbi?"

"Yaya, on bouge! Mu ware!"

A tashar jirgin ruwa suka rabu. Ukasha ya haye da buhun, Maiwada ya koma Adjamé. Washegari ya baje nama a teburinsa na fawa kamar ba shi ba.

Kwana uku sai ga Sufeto Zaharaddin, tsohon ɗan sandan nan mai taunar asuwaki, wanda ko ƙuda ya gani a wurin laifi sai ya bi sawunsa. Ya ajiye leda a kan teburin. Wuƙa ce a ciki, mai ƙotar ƙaho.

Maiwada ya gane ta nan take. Wuƙar mahaifinsa ce, wadda ke kulle a akwati.

"Labo, masu gwajin shaida, sun gama aiki," in ji Sufeto. "Kitsen shanu a gindin ƙota, zanen babban yatsanka a kai. A gefen gawar aka tsince ta."

Maiwada ya ajiye naman da ke hannunsa.

Sufeto ya ci gaba: "Amma ni ma jikan mahauta ne, môgô, mutumina. Ba a kai wuƙar gado wurin ƙazanta. Kuma ba faɗuwa ta yi ba: akwai burbushin jarida a jikinta. Naɗo ta aka yi don kada shaidarka ta goge, aka kwantar da ita a hankali. Wa ke da makullin akwatinka?"

Mutum ɗaya ne a duniya. Ukasha, wanda ya goya, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya. Ashe tun kafin su fita ya sayar da shi!

"Faɗi suna, in cire kisan daga wuyanka."

Maiwada ya tuna mahaifiyarsu, Inna Kande. 'Ya'ya biyu gare ta, ba na uku. In ya faɗi suna, duka biyun za ta rasa. Ya goge hannuwansa a jikin riga, ya miƙa su.

"Rubuta, Chef. Ni na harba."

"Ƙarya kake."

"Na sani. Rubuta dai."