Inda Injiniya Yake Zuwa Ranar Alhamis

Auta tana tsaye a falo tana goge rigar da mijinta zai sa gobe zuwa coci. Surukarta kuwa tana zaune a kujerar da ke kusa da taga, ta kafe ta da ido.

"Shekara biyar ke nan," in ji Mama, tana juya cokali cikin kofi. "Yarinyar da aka ɗaura aurenta bayan naku, jiya na gan ta da goyon na uku."

"Allah ya raya su, Mama."

"Amin. Ni ma ina so wata rana a ce mini Allah ya raya. Kin dai koma asibitin?"

"Na koma. Sun ce lafiyata ƙalau."

"Haka suke faɗa wa kowa."

Mijin nata, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran firji da yake yi, yana bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. Komai a kunnensa aka yi, amma bai ɗago ba. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya ce, "Na tafi," ya ja ƙofa.

Wannan shirun ya fi maganar Mama yi wa Auta ciwo. A da ba haka yake ba. A ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu, shi yana ɓata waƙa da muryarsa, ita tana dariya. Ko kallon banza aka yi mata sai ya tanka. Amma wata huɗu ke nan da ya canja: abinci sai ya tsakura, addu'ar safe da suke yi tare sai ya ce ta yi musu, wayarsa kuma ya sa mata sabon fasuwod.

Ranar Litinin yayarta ta same ta a shagon ɗinkinta. Yaya mai gyaran gashi ce, babu labarin da ba ya bi ta shagonta. Ta janyo benci, ta rage murya.

"Auta, ina mijinki yake zuwa ranar Alhamis?"

"Aiki mana."

"Aiki? Alhamis uku a jere ina wucewa ƙarfe biyu, shagonsa a kulle. Na kuma gan shi da farar riga, ba ɗigon baƙin mai a jikinsa. Wane firji ake gyarawa da turare?"

"Yaya, don Allah —"

"Ni dai na faɗa miki. Uwarsa tana son jika, shi kuma namiji ne. Ki buɗe idonki, ki daina wannan 'Ubangiji zai yi' ɗin da kike ta yi."

Auta ta ci gaba da taka keke, amma sai da ta warware hannun rigar sau biyu.

Da safiyar Laraba yana wanka, wayarsa ta yi haske a kan tebur. Ba ta yi niyyar dubawa ba, idonta ne ya sauka. Sunan da aka ajiye shi ne "Kwastoma". Saƙon ya ce: "Gobe ƙarfe uku. Kada ka makara. Har yanzu ba ka faɗa wa matarka ba?"

Da ya fito ta miƙa masa tawul kamar kullum, ya ce, "Tankiyu, Autata," ita kuwa tana ta kallon fuskarsa tana neman inda ƙaryar take zaune.

Ranar Alhamis ta rufe shago da wuri. Ta tsaya a bayan wata mota daura da wurin aikinsa, ta ga ya fito da farar rigar, ya kulle, ya tari tasi. Ita ma ta tari wata.

"Bi waccan," ta ce wa direban.

Direban ya dube ta ta madubi, ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya saba da wannan aiki. Murmushin nan ya tsaya mata a rai. Suka wuce shataletale, suka wuce gada. Ta haɗa hannu za ta yi addu'a, sai ta ji abin da ke fitowa daga bakinta: "Ubangiji, ka sa in kama shi." Shekara biyar tana durƙusawa, amma yau ta lura ba roƙo take yi ba, umarni take bayarwa — ka ba ni ɗa bana, ka rufe bakin Mama, ka tona masa asiri. Ba ta taɓa cewa, "Na bar maka," da zuciya ɗaya ba.

"Malam, juya," ta ce.

"Ga su can fa, sun kusa tsayawa."

"Na sani. Mai da ni."

A shago ta saki labule, ta durƙusa tsakanin keke da tarin yaduka. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, "Yesu, ban san abin da ke bayan wannan ba, kuma ina jin tsoro. Ko mene ne, ka riƙe ni. Ka ba ni bakin da zan tambaye shi da shi."

Tsoron bai tafi duka ba, amma ta tashi ta nufi gida.

Ƙarfe biyar ya dawo gida. Ta bari ya sha ruwa, sannan ta zauna a gabansa.

"Na ga saƙon Kwastoma. Yau kuma na bi ka har gada, na juyo. Ban kyauta ba, ka gafarce ni. Amma ina so in ji daga bakinka: me ba ka faɗa wa matarka ba?"

Ya tashi ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗaga sukundireba da wayoyi, ya zaro wata ambulan da ta sha ninki.

"Kwastomar nan likita ce," ya ce. "Wata huɗu da suka wuce na je na yi gwaji ni kaɗai. Auta, matsalar ba a wurinki take ba. A wurina take. Duk Alhamis magani nake zuwa karɓa."

Ta karanta takardar har sau biyu. Sauƙin da ta ji bai daɗe ba, wani zafi ya biyo bayansa.

"Wata huɗu? Wata huɗu kana ɗaure takalmi Mama tana yanka ni a gabanka?"

"Kunya ce ta kama ni. Na ce bari in warke tukuna, kowa bai sani ba. Na ji tsoron ki dube ni ki ga ba namiji ba."

"A gaban Allah da jama'a na ce cikin lafiya da rashin lafiya. Ka ɗauka waƙa na rera?"

Ya durƙusa ya riƙe hannunta, hawaye na bin gemunsa. "Sori, Autata. Ban dogara ga Allah ba, ban kuma yarda da ke ba."

"Na yafe maka," ta ce bayan wani lokaci. "Amma Mama fa, kai za ka faɗa mata. Ba ni ba."

Ranar Lahadi bayan sujada suka wuce gidan Mama. Kafin ta fara zancen da ta saba, Injiniya ya ajiye takardar a cinyarta, ya bayyana mata komai, bai rage ba. Mama ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Can ta juya ga Auta.

"'Yata, kin sani kika yi shiru?"

"Shekaranjiya waccan na sani, Mama."

"Amma shekara biyar kina shan bakina, ba ki taɓa mayar mini da baƙar magana ba." Ta kamo Auta ta rungume. "Ki yafe wa tsohuwa. Na ɗora miki kayan da ba naki ba."

Da Yaya ta ji labari sai ta ce, "To ai ni turaren ne ya ruɗe ni," amma har shago ta je ta ba Injiniya haƙuri.

Daga nan tare suke zuwa wurin likita. Ba a yi saurin ganin haske ba; sau biyu suka sa rai, sau biyu suka dawo gida jiki a sanyaye. Sai dai yanzu tare suke kukan, tare suke durƙusawa. A shekara ta bakwai da aurensu Auta ta haifi 'ya mace, Mama ce ta fara karɓarta a hannun nas.

Idan matasan coci suka tambayi Auta sirrin zamanta, takan ce zargi ya kusa rushe mata gida alhali babu wata mace a ciki. "Abin da ba ku gane ba, ku kai wa Ubangiji tukuna, sannan ku tambayi juna da gaskiya. Dogara ga Allah ba ranar da ya amsa ake fara shi ba. Tun kina cikin duhun ake farawa, lokacin da ba ki san yadda zai ƙare ba."