Fatalwa Mai Silifas

"Sake faɗin abin da ka ce."

"Na ce injin mukayyif ɗin ne ya ƙone, sai an canza."

"Wallahi kai ne!" Muryar ta fito daga bayan labule, tana rawa saboda danne dariya. "Kai ne fatalwar nan mai silifas!"

Saura kaɗan sukundireba ta suɓuce daga hannun Ɗahiru. Tun da ya zo Madina yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki, bai taɓa zaton wannan abin kunya zai biyo shi ba. A Kano ne shi da abokansa suka ari kyamara suka haɗa fim ɗin ban dariya, fatalwa ta tashi daga kabari tana neman wanda ya cinye mata tuwo. Shi aka naɗe da farin ƙyalle, aka shafa masa garin rogo a fuska, aka manta ba a cire masa silifas ba. A fili suke haska fim ɗin jikin bango, 'yan kallo na zaune kan motoci. Ashe kaset ɗin ya hau jirgin alhazai, yana yawo gida-gida a unguwar Al-Sih.

"Kada ka ji kunya," in ji ta, muryarta ta sauka. "Sunana Innayatu. Ummi na kwance, ba ta ci, ba ta barci. Amma in ka yi tuntuɓe a bakin kabarin nan, dariya take har da hawaye."

Daga ranar mukayyif ɗin gidan bai sake yin lafiya ba, a faɗar Ɗahiru. Yau ƙara, gobe yoyo. Goggo Fatna, ƙanwar babanta, takan zauna tsakani tana jan carbi kamar ba ta ji.

"Fatalwata, ka ci abinci?"

"Fatalwa ba ta ci, Inna tawa. Muryarki ta ishe ni."

"Kazzab, maƙaryaci! Tuwo fa ya tashe ka daga kabari."

Cikin tsananin zafin bazara Ummi Hawa ta rasu, aka kai ta Baƙi'a. Innayatu ba ta ƙara kiransa Fatalwata ba.

Da makoki ya yi nisa, Ɗahiru ya tura manya. Amma Abdulrauf, wani ɗalibi da ya daɗe yana son Innayatu, ya riga su isa da kaset a hannu. Mahaifinta, Malam Audi, mutumin Sudan ne, kuma shi ke wanke gawar mazan Hausawan unguwar. Bai taɓa sanin abin da matan gidansa ke kallo in ya tafi Harami ba.

"Da hannuna na yanka likkafanin Hawa," ya ce wa Ɗahiru, idonsa jajir. "Mutane na sayar da gonakinsu su zo garin nan don su mutu a cikinsa. Kai kuwa ka sa likkafani kana rawa. Halas, shi ke nan. Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Ɗahiru ya fita bai san inda yake jefa ƙafa ba. Baƙaƙen duwatsun Harra da ke gefen gari suka zame masa kamar kaburbura. Ya daina aiki, ya rame, har ya fara neman hanyar komawa gida.

Wata safiya Malam Audi ya tsaya a ƙofar shagon su Ɗahiru.

"Taho. Wanda ya yi wasa da likkafani, ya kamata ya ga na gaske."

Wani tsoho ne ɗan Chadi, Maigandi, ya rasu ba ɗa ba jika. Ɗakin na warin kafur. Ɗahiru na zuba ruwa, Malam na wankewa, dama kafin hagu. Da Ɗahiru ya ɗaga ƙafar tsohon, sai ya ji sanyinta da rashin nauyinta. A bakin ƙofa ga silifas ɗin mamacin nan, ɗaya an ɗaure shi da waya. Kuka ya ƙwace masa, amma bai saki ƙafar ba.

"Ɗaure nan," in ji Malam. "A hagu, yadda za a iya kwancewa a kabari. A fim ɗinku ko ɗaurin ma ba ku iya ba."

Bayan jana'iza ya ce Ɗahiru ya raka shi gida. Suna zaune sai labule ya motsa.

"Abuya, ka yafe mini, zan yi magana," in ji Innayatu ga mahaifinta.

"Ki yi."

"Ummi tsoron kabari take ji. Kai ba ta gaya maka ba, don kada ka ce imaninta ya yi rauni. Takan riƙe hannuna tana karkarwa, sai ta ce in sa mata mai silifas. Ranar Laraba ta yi dariyarta ta ƙarshe. Ta ce, 'Ashe har mutuwa ma tana tuntuɓe.' Daga nan ta yi kalmar shahada ba ta rawar jiki."

Goggo Fatna ta share ido da gefen mayafi. "Haka aka yi, Yaya. Ina wurin."

Malam Audi ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Shi da ya wanke gawa ba adadi, bai san tsoron matarsa ba.

Can ya ɗago ya dubi Ɗahiru.

"Za ka ci gaba da bina wanka? Hannuna ya fara rawa."

"Zan bi ka, Baba, ko ka ba ni ko ka hana ni."

"Kaset ɗin fa?"

"In ka ce in ƙona, yanzu."

"A'a. A sa shi cikin kayan Hawa." Ya juya wajen labule, ya ɗaga murya. "Fatna, ki sanar da mata. Ranar Juma'a bayan la'asar zan ɗaura auren Innayatu da Ɗahiru. Allah ya yi musu albarka, ya sa su yi ta dariya tare har ranar da likkafani na gaske zai zo."