Magudanar da Ba a Toshewa

Ranar da Lawali ya kama aikin lambu a Tahifet, maigidansa Akamuk ya nuna masa wata 'yar magudana mai zurarewa cikin kangon lambu, inda ba komai sai busasshen ɓaure.

"Wannan ba a toshe ta," in ji shi. Bai ƙara ba.

Amma bana ruwa ya ja baya, tumatir sai yaushi yake, mota kuma ba za ta hawo dutsen nan don kwando biyu ba. Da almuru Lawali ya ɗebi laka ya liƙe bakin magudanar.

Nan take kwaɗi suka yi tsit.

"Ɗana, wa ya hana ni sha?"

Wata tsohuwa ce tsaye cikin babbar magudana, lulluɓe da baƙin zane. Hausar garinsu Matamaye ta yi masa.

"Inna, yi haƙuri, yanzu zan buɗe."

Ya sunkuya da hauya. A nan ya ga ruwan yana wucewa ta inda ƙafafunta ya kamata su tsaya, ko karkacewa ba ya yi. Harshensa ya fara bushewa ƙamas, kamar ana zuƙe ruwan jikinsa.

"Bar shi, ɗana," ta ce. "Na sami inda zan sha."