Goron Malam Zibrim da Ruwan Gishiri

A Zangon Ankara, birnin nan na bakin teku, a shekarun da aka fara kai goro Ikko ta teku, Sanatu tana tsakar gida tana tsince goron mahaifinta, sai mahaifiyarta, Inna Ayishetu, ta ga ta ƙulle wani goro fari sol a bakin zane.

"Na wa ne wannan?"

Sanatu, 'yar shekara goma sha shida, ta sunkuyar da kai. "Na Falalu ne, Inna."

"Falalu! Ɗan sojan nan mai yini a bakin teku da masunta? Wanda Hausarsa ma ƙarnin kifi take yi?"

Malam Zibrim, mahaifinta, ya ji daga zaure. "Ba na ba da 'yata ga wanda bai san goro ba!"

Hawaye ya zubo mata, amma ta durƙusa ta ce, "Baba, ba zan saɓa maka ba. Roƙona ɗaya ne — ka saurare shi. Ya san abin da ke ɓata maka kaya."

Lalle akwai damuwa. Malam Zibrim ya shekara talatin yana fataucin goro a kan jakuna, kuma bai sauya ɗaurinsa ba: ganye a ciki, tabarma a waje. Amma a Ankara jirgi ba ya iso gaɓa, sai kwalekwale ya ratsa igiyar ruwa da kaya. Sau uku goronsa yana isa Ikko baƙi ƙirin, shi kuwa mahassada yake zargi.

Washegari Falalu ya zo wurin Malam Zibrim, ya gaishe shi. "Baba, ba hassada ba ce, ruwan gishiri ne. Ina tuƙa kwalekwalen, ina gani. A sa kowane huhu cikin wankakkiyar gangar manja a rufe, sai an hau sitima, wato babban jirgin, a fitar da shi ya sha iska."

"Kai za ka koya mini goro?"

"A'a, Baba. Teku kaɗai na sani. Goro kai za ka koya mini."

Malam Zibrim ya ba shi huhu biyar na gwaji. Falalu ya kankare ganguna da yashi har tafinsa ya sale. Sanatu kuwa ta yi mako uku ba ta leƙa ƙofa ba, ba ta aika masa ko gaisuwa ba.

Da wasiƙa ta zo daga Ikko, Malam Zibrim ya karanta ajamin sau biyu. Huhu biyar na cikin ganguna sun isa lafiya, sauran da aka tura yadda aka saba sun ɓaci.

Ya sa aka kira Falalu, ya ce, "Sanatu, kawo farin goro." Ya ɓare shi da hannunsa, ya miƙa wa yaron ɓari guda.

"Za ka yi shekara a rumfata. Bayan nan babanka ya turo manya."

Inna Ayishetu ta ce, "Kuma ka riƙa wanka kafin ka shigo!"

Ya ku matasa, Sanatu ba ta sami Falalu da tsiwa ba, sai da ladabi da tsayuwa a kan gaskiya. Ku kuma iyaye, ku saurari yaro kafin ku yanke masa hukunci.